Sarrafa ilimi da bayanai a wurin aiki: abin da ke cikin dosiye da abin da ke cikin kan ma'aikaci

Sarrafa ilimi da bayanai a wurin aiki shi ne tsarin da ma'aikata, kamfani, asibiti ko ma ƙaramin shago ke bi domin abin da aka sani a wurin ya isa ga mai buƙatarsa a lokacin da yake buƙatarsa, kuma kada ya ɓace ranar da wanda ya san shi ya tashi. Masu Faransanci na ce masa gestion des connaissances. Sunan sabo ne, amma matsalar kowa ya san ta. Mutum zai baro unguwarsu tun da safe neman takarda ɗaya a ofis, a ce masa wanda ya san inda take ya tafi ta'aziyya ƙauye, ya dawo ranar Litinin. Takardar tana nan cikin ginin, wataƙila ma cikin armuwar ɗin da ke bayan mai maganar. Abin da ya tafi ƙauye shi ne sanin wurinta.

Abu biyu aka haɗa cikin wannan fanni, kuma yawan ruɗani daga haɗa su yake fitowa. Bayani ana rubuta shi, a jera shi, a ajiye shi, a nemo shi. Ilimin aiki kuwa yawancinsa yana cikin kai da hannun mutane, ba ya ajiyuwa cikin kwali. Ma'aikatar da ta sayi kwamfutoci ta zaci ta gama da duka biyun, yawanci rabin na farkon kawai ta taɓa.

Bayani daban, ilimi daban

Masana fannin sukan raba abin hawa uku. A ɗauki misalin mangazar hatsi. Lambar 400 a kan takarda alƙalami ne tsirara. Idan aka ce buhun gero 400 ne suka shiga mangaza ranar kaza daga kasuwa kaza, ya zama bayani. Ilimi shi ne abin da mai tsaron mangazar ya sani: cewa geron wannan kasuwa yakan zo da sauran damshi, dole a ɗora shi kan katako nesa da bango, a kuma fitar da shi kafin na sauran wurare. Kaye zai riƙe na biyun. Na ukun sai an tambayi mai tsaro, kuma ko an tambaye shi, ba lalle ya iya faɗin duk abin da hancinsa ke gaya masa idan ya buɗe ƙofa da safe ba.

Michael Polanyi, masanin kimiyya ɗan asalin Hangari da ya koma falsafa a Ingila, shi ne ya fi fito da wannan batu, a wani littafi na 1966: mutum ya san abubuwa fiye da waɗanda zai iya furtawa. Makanike na jin ƙarar mota ya ce ga inda ciwon yake, a tambaye shi yadda ya gane ya rasa ta cewa. Tun kafin nan, a 1959, Peter Drucker ya fara magana kan sabon nau'in ma'aikaci wanda jarinsa abin da ya sani ne, ba ƙarfin damtsensa ba. Amma sai a shekarun 1990 abin ya zama fanni mai suna a kamfanoni, musamman bayan littafin da Japanawa biyu, Ikujiro Nonaka da Hirotaka Takeuchi, suka fitar a 1995.

Misalinsu da ya fi shahara na burodi ne. A tsakiyar shekarun 1980 kamfanin Matsushita na Japan yana ƙoƙarin ƙera injin yin burodi a gida, burodin yana ta fitowa ba daɗi. Sai wata ma'aikaciyar kamfanin, Ikuko Tanaka, ta je ta zauna koyon aiki wajen babban mai gasa burodi na wani otel a birnin Osaka. Mai gashin bai iya bayyana sirrinsa da baki ba. Da kallo da kwaikwayo ta lura cewa ba ja kawai yake yi wa kwaɓin ba, yana murɗa shi yayin da yake ja. Da aka sa injin ya yi irin wannan murɗi, burodi ya yi. Duk yaron da ya taɓa zama a garaji ko gaban teburin tela ya san wannan hanyar koyo. Abin da Matsushita ya ƙara shi ne mayar da abin da aka gani zuwa bayanin da injiniya zai iya aiki da shi.

Labarin masu gyaran injin Xerox

Babu misalin da ya nuna yadda abin ke tafiya kamar na kamfanin Xerox na Amurka, mai ƙera injinan hoton takardu. Kamfanin yana da dubban masu gyara da ke zagayawa ofisoshin da aka sayar wa injin. Ya ba kowannensu manyan littattafan umarni: idan inji ya nuna lamba kaza, a bi mataki na ɗaya, na biyu, na uku, a canza ƙarfe kaza. A tunanin shugabanni, duk abin da mai gyara ke buƙata yana ciki.

A shekarun 1980 wani mai nazarin halayyar al'umma da ke aiki a cibiyar binciken kamfanin ta Palo Alto, Julian Orr, wanda shi kansa ya taɓa aikin gyaran injuna, ya bi masu gyaran yana kallon yadda suke yini. Ya tarar da abin da ba ya cikin kowane rahoto. Inji a ofishin mutane ba ya lalacewa yadda littafi ya tsara. Yana tsufa, zafi da ƙura da irin takardar da ake zuba masa suna canza halinsa, matsala biyu na iya haɗuwa su ba da alamar da ba ta kowace ɗaya ba. Idan littafi ya ƙare, masu gyaran ga junansu suke komawa. Suna haɗuwa wurin karin kumallo, da wurin cin abincin rana, da wurin karɓar kayan gyara, kullum hirarsu ta inji ce: wane ya yi fama da wane inji, me ya gwada, me ya ci. Wanda ya hange su daga nesa zai ce zaman banza suke yi a lokacin aiki, alhali a wannan zaman ne ilimin kamfanin yake yawo. An ba da labarin wani inji da ya gagari mai gyara da ƙwararren da aka turo masa. Suka kwashe sa'o'i a gabansa suna tuno wa juna labaran injinan da suka taɓa gani, har labaran suka haɗu suka nuna musu inda cutar take.

A lokacin kamfanin ya fi karkata ga gina wata manhaja mai kaifin basira da za ta gaya wa mai gyara abin da ke damun inji. Da masu binciken suka kai ta Faransa aka gwada, masu gyaran suka yaba, sannan suka faɗi gaskiya: matsalolin da manhajar ta sani su ma sun san su, abin da ke ba su wahala shi ne wanda ba a taɓa rubutawa ba. Masu binciken suka kuma lura cewa da yawa daga cikinsu na yawo da ƴan takardun da suka rubuta wa kansu dabarun da suka gano. Daga nan aka juya akalar aikin. Maimakon ilimi ya gangaro daga injiniyoyi zuwa masu gyara, sai a tara na masu gyaran a raba musu. Aka sa wa tsarin suna Eureka. A Faransa aka fara shi, a tsakiyar shekarun 1990, ta kan Minitel, ƴar na'urar nan mai allo da ake haɗawa da layin tarho, wadda Faransawa suka yi amfani da ita kafin intanet ta game duniya.

Ƙa'idoji biyu ne suka riƙe Eureka. Ta farko, duk dabarar da mai gyara ya aiko ba ta shiga rumbu sai wani gogaggen mai gyara, wanda ƴan'uwansa suka yarda da shi, ya duba ta, ya gwada, in da gyara ya kira mai ita su daidaita. Saboda haka wanda ya buɗe rumbun ya san abin da zai tarar ba shaci-faɗi ba ne. Ta biyu, kowace dabara na ɗauke da sunan wanda ya kawo ta. An yi tunanin a riƙa biyan kuɗi kan kowace dabara, masu gyaran da kansu suka ƙi, don sun san kuɗi zai sa a cika rumbun da tarkace. Suna suka zaɓa. Mutum ya shiga taro a wani gari a ce ai shi ne mai dabarar nan, wannan ya fi musu.

Tsarin ya bazu zuwa Kanada da Amurka da sauran ƙasashe. Zuwa shekarar 2000 rumbun ya tara dabaru kusan 30,000, kamfanin kuma ya ƙiyasta cewa ya rage masa asarar kusan dala miliyan 100. Labarin da aka fi maimaitawa shi ne na wani mai gyara a Barazil da ya kusa canza wa abokin ciniki inji sukutum na kusan dala 40,000, sai ya ci karo da dabarar wani takwaransa na Montreal a Kanada: ɗan abin da ya lalace bai kai dala ɗaya ba. Ba don rumbun ba, da kamfanin ya yi irin ta kazar da ta kwana kan dami da yunwa.

Ranar da masu sani suka watse

Akasin wannan ma ya faru, kuma a wurin da ba a zata ba. Amurka na da wani sinadari na sirri da ake kira Fogbank, wanda ke shiga cikin wasu makamanta na nukiliya. An yi shi a wata masana'anta a jihar Tennessee daga 1975 zuwa 1989, aka rufe wurin. Da aka tashi sabunta makaman bayan shekarar 2000, sai aka tarar ba a rubuta yadda ake yin sa dalla-dalla ba, waɗanda suka yi aikin kuma kusan duk sun yi ritaya ko sun bar wurin. Aka gina sabuwar masana'anta, aka bi abin da ya rage a rubuce, abin da ya fito bai yi ba. Bayan shekaru da kashe miliyoyin daloli aka gano dalili: a tsohon aikin akwai wani ɗan gurɓataccen abu da ke shiga ba da niyya ba, ashe shi ke sa sinadarin ya yi kyau, sabon aikin kuma ya tsabtace shi. Sai a 2008 aka sake samun sa. Ƙasar da ta fi kowa kuɗi da kwamfuta ta manta abin da ita da kanta ta ƙirƙira cikin shekaru goma sha.

A wannan yanki an daɗe da sanin haka. A 1960, a zauren UNESCO, marubucin Mali Amadou Hampâté Bâ ya kwatanta mutuwar dattijo masanin gargajiya da gobarar ɗakin littattafai. Yana magana ne kan tarihin baka, amma ritayar tsohon sakatare ko tsohuwar ungozoma ƙaramar gobara ce irin wannan. Shi dai Hampâté Bâ ya yi aiki a ofisoshin mulkin mallaka, ya ga yadda abin yake daga ciki. Faransawa mutanen rubutu ne: kwamandan kowane yanki na rubuta rahoton rangadi, da rahoton wata-wata ko na shekara, da bayanin ƙasar da yake mulki, da takarda kan halin kowane sarki, domin wanda zai gaje shi ya tarar. Da yawan waɗannan takardu suna nan a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Yamai, wasu a Dakar inda aka bar na gwamnatin Afirka ta Yamma ta Faransa, wasu a Aix-en-Provence. Duk da haka kwamanda baƙo ne, shekara biyu ko uku a ɗauke shi. Wanda ke zaune daram, ya san harshe, ya san wa ke gaba da wa, shi ne tafinta. Littafin Hampâté Bâ na 1973 kan tafinta Wangrin labari ne na mutumin da ya gane cewa wanda ya riƙe sani ya riƙe ofis, ko da wani ne ke sa hannu.

Takardu da tsarinsu

Ɓangaren bayani ya fi sauƙi, domin yana da ƙa'idoji da aka daɗe da gwadawa. Ofisoshin da suka gaji tsarin Faransa sun san su: rajistar wasiƙun da suka shigo, rajistar waɗanda suka fita, kowace da lamba da kwanan wata, fayil ɗin da ake jera kwafin duk wasiƙar da aka aika bi da bi, da kayen da palanto ke yawo da shi, wanda duk ya karɓi takarda ya sa hannu. Tsofaffin kayan aiki ne, amma inda ake cika su kullum da wuya takarda ta yi ɓatan dabo, domin ana iya bin sawunta hannu zuwa hannu.

Masu aikin adana takardu na raba rayuwar takarda gida uku, rabon da Bafaranshe Yves Pérotin ya yaɗa tun 1961. Akwai takardun da ake aiki da su yanzu, suna kusa da hannu. Akwai waɗanda aikinsu ya ƙare amma ana iya neman su don shari'a ko binciken kuɗi, ana kai su ɗakin ajiya. Akwai kuma ƴan kaɗan da za a riƙe har abada saboda tarihi ko haƙƙin mutane. Sauran a ƙone su idan wa'adinsu ya cika, bisa jadawalin da ya faɗi shekarun da kowane irin takarda zai yi. Nan ne ofisoshi da yawa ke tuntuɓe. Ba a yar da komai don tsoro, ba a kuma jera komai, sai a tara kwalaye a wani ɗaki har rufi, a bar wa gara da ɓera da yoyon damina su yi zaɓen abin da zai saura.

Doka ta shiga wannan magana. A ƙarƙashin dokokin kasuwanci na OHADA, waɗanda Nijar ke cikin ƙasashe 17 da ke bin su, wajibi ne kamfani ya ajiye littattafan lissafinsa da takardun shaidarsu har shekara 10. Dokar 23 ga Fabrairun 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman bayanai da takardun hukuma, in ban da waɗanda aka keɓe. Sai dai haƙƙin ganin takarda ba ya amfani idan ofishin da kansa bai san inda take ba. A ɗaya gefen, dokar kare bayanan sirrin mutane ta 2017, wadda aka sake a Disambar 2022, ta ɗora wa duk mai tara sunaye, lambobin waya, bayanan lafiya ko na albashi nauyin tsare su, tare da hukumar HAPDP mai sa ido. A matakin duniya akwai mizanin ISO 15489 na adana takardun aiki, wanda ya fito a 2001, da ISO 30401 na sarrafa ilimi, na 2018.

Inda abin ya fi taɓa talaka shi ne gona. Shekaru aru-aru iyakokin gonaki na cikin kan dattawa da masu gari: daga wannan gawo zuwa wancan layin gamba, wane ya ara wa wane, wane jingina ce ba sayarwa ba. Dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye, daga matakin gunduma har ƙauye, masu ba da takardar shaidar gado, saye, kyauta, aro, haya ko jingina, a kuma ajiye kwafi cikin kundi. Wannan shi ne mayar da ilimin ka zuwa bayanin takarda. Idan an yi shi tun shaidu na da rai, jikoki sun huta. Idan kundin ya jiƙe ko ya bi wani sakatare gida, an rasa duka biyun, ga dattawan sun tafi, ga takarda babu, sai rantsuwa da gidan shari'a.

Miƙa aiki

Lokacin da ilimi ya fi zubewa shi ne lokacin canjin hannu: canjin wurin aiki, ritaya, ƙarewar kwangilar wani shiri, ko sauyin shugabanni gaba ɗaya, kamar a Afrilun 2024 da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi da na jihohi a Nijar aka naɗa masu riƙo. A irin wannan lokaci sakatarori da ma'aikatan dindindin ne ke zama gadar da aiki ke bi ya tsallaka.

Bikin miƙa aiki, wanda ake ce wa passation de service, yana da takardarsa: an ƙirga kujeru da motoci, an faɗi abin da ke cikin asusu, an jera dosiyoyin da ke kan tebur, an sa hannu, an ɗauki hoto. Abin da takardar ba ta cika ɗauka ba shi ne wanda sabon zuwa zai fi buƙata a watansa na farko. Wane alkawari aka yi da baki ba a cika ba? Wane ɗan kwangila ne sai an bi shi da ido? Me aka taɓa gwadawa ya ƙi, kuma don me? Wa ake kira idan famfon unguwa kaza ya tsaya? Wuraren da suka ɗauki abin da muhimmanci sukan sa mai tafiya da mai zuwa su yi ƴan makonni tare, su zagaya tare, a gabatar da sabon ga mutanen da aikin ke bi ta hannunsu. Wasu kuma na zaunar da mai ritaya a yi masa tambayoyi a naɗi muryarsa, tun watanni kafin ranar walima.

Asibiti ne ya fi nuna cewa wannan ba ƙa'idar ofis kawai ba ce, domin a can ana miƙa aiki sau biyu ko uku kowace rana. Wani bincike da aka buga a 2014, wanda aka yi a asibitocin yara tara a Amurka da Kanada, ya gwada tsari ɗaya na miƙa majinyaci daga likita mai tashi zuwa mai karɓa: a faɗi tsananin ciwon, a taƙaita labarinsa, a jera abin da ya rage a yi, a faɗi abin da ka iya faruwa da matakin da za a ɗauka, sannan mai karɓa ya maimaita abin da ya ji da bakinsa. Kurakuran jinya suka ragu da kashi 23 cikin 100, cutarwar da za a iya kauce mata ta ragu da kashi 30, ba tare da miƙa aikin ya ƙara cin lokaci ba. Matakin ƙarshen, maimaitawa, ba ya buƙatar kuran ko na'ura, kuma duk almajirin da ya taɓa biya wa malam karatu ya san amfaninsa.

Kwamfuta da wayar hannu

Na'ura na da amfani babba, musamman wajen tara alƙaluma daga wurare masu nisa. Ma'aikatar lafiya ta Nijar, kamar na ƙasashe sama da 70, tana amfani da manhajar DHIS2, wadda jami'ar Oslo ta Norway ke jagorantar ginawa, wajen tattara rahotannin cibiyoyin lafiya. Abin da a da sai an jira mota ta kai takarda, yanzu ana iya ganinsa daga Yamai. Raunin irin waɗannan tsare-tsare a ko'ina ɗaya ne: bayani na hawa sama, ba ya cika gangarowa. Ma'aikacin da ke cika rajista ƙarshen kowane wata, idan bai taɓa ganin abin da alƙalumansa suka haifar ba, zai ɗauke su kamar haraji, ya cika don a bar shi ya huta. Ingancin abin da ke cikin kwamfuta ba ya wuce ingancin abin da aka rubuta a kaye.

A zahiri, babban rumbun bayanan ma'aikata da yawa a yau WhatsApp ne. Nan ake tura sanarwar taro, hoton wasiƙa, jerin sunaye, da saƙon murya. Yana da kirki: yana da sauri, kuma saƙon murya ya buɗe ƙofa ga wanda aikinsa ya fi rubutun Faransancinsa ƙarfi, ya yi bayani da Hausa ko Zabarmanci yadda ya fahimta. Ta wannan fuska ya yi kama da teburin karin kumallon masu gyaran Xerox. Bambancin shi ne babu mai tantancewa, babu mai jerawa, kuma komai na cikin wayar mutum, ba ta ofis ba. Saƙon murya na wata shida baya ba ya nemuwa. Waya ta faɗa ruwa ko an sace ta a kasuwa, tarihin shiri guda ya tafi. Hoton takardar albashi ko sakamakon gwajin jini da aka tura rukuni mai mutum tamanin kuma ya riga ya fita daga hannun kowa.

Ƙa'idar da masu aikin kwamfuta ke bayarwa gajera ce: duk abu mai muhimmanci ya zama yana da kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wani gini daban. A sa wa kowane fayil suna mai kwanan wata da batu, iri ɗaya ga kowa. Kalmar sirrin kwamfutar ofis da ta adireshin saƙonninsa kada ta zama a kan mutum ɗaya. A rubuta ta a rufe cikin ambulan wajen shugaba, a canza ta duk ranar da wani ya bar aiki.

Abin da ke sa mutane riƙe sani

Saura tambayar da na'ura ba ta amsawa: me zai sa mutum ya ba da abin da ya sani? Ba kullum mugunta ce ke hana shi ba. Ma'aikacin da kwangilarsa ta wata shida ce ya san cewa ranar da kowa ya iya aikinsa, ranar ce za a iya sallamarsa. Wani kuma sanin inda dosiye take shi ne ɗan abin da ke sa a gaishe shi, wani lokaci har a ba shi na goro. Akwai kunya: ƙarami ba ya son ya tambayi babba kada a ce bai iya ba, babba ba ya son ya tambayi yaron da ya fi shi sanin kwamfuta. Akwai tsoro: inda ake hukunta duk wanda ya yi kuskure, ba mai kawo rahoton kuskure, sai a yi ta maimaita shi a ɓoye, kowa a nasa ɗakin.

Sojojin Amurka sun ɓullo da wata hanya tun shekarun 1970 wadda kamfanoni da ƙungiyoyin agaji suka ara. Da zarar an gama wani aiki, waɗanda suka yi shi su zauna nan take su amsa tambaya huɗu: me aka yi niyya, me ya faru, me ya kawo bambancin, me za a riƙe ko a canza nan gaba. Sharaɗin zaman shi ne a ajiye muƙami a bakin ƙofa, kuma ba a neman mai laifi. Ana iya yin sa bayan rabon taki, bayan zagayen rigakafi, ko bayan jarrabawar ƙarshen shekara, cikin rabin sa'a. A rubuta abin da ya fito a shafi ɗaya, da kwanan wata da sunayen waɗanda suka kawo kowace shawara, a sa shi a fayil ɗin da za a buɗe kafin a fara irin wannan aikin baɗi.